Kifin Baba a Majigi

Da kifin ƙanƙara Baba ya tura ni karatu. Na yi shekaru a wata ƙasa mai sanyi ina nazarin halittun teku, na dawo da takardar shaida da akwati da fim guda da na haɗa da kaina. Fim ɗin a kan wani kifi ne da ake neman ƙararwa a teku. Kifin kuma shi ne wanda Baba yake sayarwa.

A shagonmu ana ce masa mai ratsi, saboda zanen da ke bayansa. A kwali yake zuwa, a sandare kamar itace, ido a buɗe. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana buga kwalin da ƙasa don kifayen su rabu da juna. Sai da na girma na gan shi yana iyo, sannan na yarda yana da wata rayuwa kafin kwali.

Baba bai san abin da ke cikin fim ɗin ba. Ya taɓa tambayata yana cin abinci, na ce a kan kifi ne. Ya ce madalla, ya ci gaba da cin abincinsa. Wani hutu da na zo gida na ɗauki hoton shagon da kyamara, firizoji da kwalaye da layin masu saye. Ya ɗauka kewar gida ce ta dame ni.

Hoton nan shi ne ƙarshen fim ɗin. Ana nuna jirgi yana jawo taru, sai ɗakin sanyi, sai babbar mota, sai shago. A kansa muryata tana cewa jirgi ba ya kamawa sai don ya san akwai mai saye, kuma duk shagon da ke karɓar ƙananan da ba su isa yin ƙwai ba, da shi ake ƙarar da kifin. A can inda na yi karatu an tafa min sosai a wannan wajen. A can babu wanda ya san shagon waye.

Da aka shirya bikin finafinan teku a zauren cibiyar al'adu ta garinmu, aka ɗauki nawa. Niyyata in je ni kaɗai, in nuna, in dawo gida. Na san masu zuwa irin wannan biki: ɗalibai, ma'aikatan ƙungiyoyin kare muhalli, da baƙi masu jakar yadi da gorar ruwa ta ƙarfe. Ba a taɓa ganin mai kifi a cikinsu ba.

Yayana ne ya ɓata shirin. Shi ke tsaya wa Baba a shago, kuma rabin wuninsa a waya yake ƙarewa. Ya ga sanarwar bikin, ga hoton mai ratsi, ga sunana a ƙasa. Ya miƙa wa Baba.

Aka kira ni shago. Na tarar da Baba a kan kujerarsa ta roba tsakanin firizoji, janareta yana kuka a baya.

"Dakta," ya ce. Haka yake kirana tun kafin in gama karatun. "Ashe talla kika yi mana ba ki faɗa ba?"

"Ba talla ba ne, Baba."

"To mene ne? Ga kifina, ga sunanki, ga sunana a bayan naki."

"Fim ne na ilimi."

"Ai talla mai kyau ilimi ne. Na gaya wa Ciyaman. Duk 'yan ƙungiya za su zo."

Ciyaman shi ne shugaban ƙungiyar masu sayar da kifin ƙanƙara, shagonsa yana kallon namu. Shi da Baba aminai ne irin waɗanda kowanne ya san wanda ya shiga shagon ɗan'uwansa da abin da ya fito da shi. Ɗansa likita ne na mutane. Tun da na tafi karatu, duk safiya sai Ciyaman ya leƙo ya tambayi Baba ko kifi ma yanzu ya fara zuwa asibiti. Baba ya daɗe yana haɗiye wannan. Yanzu ya samu ranar ramawa.

"Baba, akwai wani waje a ƙarshen fim ɗin..."

"A'a, a'a. Kada ki gaya min ƙarshe ki ɓata min kallo."

Wata mata ta shigo da roba a hannu, ya miƙe ya buɗe mata firiza. Magana ta ƙare.

Na ja Yaya bayan shago, kusa da janareta, na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dafa bango yana dariya.

"Kin kashe kanki, 'yar Baba."

"Ka gaya masa mana. Ya fi jin maganarka."

"Ni? Ni da nake wuni da shi tun asuba? Ke ce mai fasfo. In ta ɓaci sai ki hau jirgi."

Na je wajen mai shirya bikin, wata doguwar mata da kowa ke kira Darakta, kullum katin aiki yana rataye a wuyanta ko da a ofishinta take. Na roƙe ta a yanke ƙarshen fim ɗin.

"Ai saboda wannan wajen muka ɗauke shi," ta ce.

Na ce masu sayar da kifin za su zo, duka ƙungiyar. Na zaci za ta tsorata. Sai ta ajiye biro, fuskarta ta washe.

"Masu ruwa da tsaki! Da kansu? Kin san shekarun da muka yi muna neman irinsu su shigo zauren nan? Zan ware musu layin gaba."

Ranar nuni da rana tsaka suka iso a motar haya, cike. Kowa ya sa kayan da yake ajiyewa don ɗaurin aure, ya zuba turare. Turaren bai kori ƙarnin kifi ba, zama suka yi tare. Baba ya biyo su a motar shago da kuloli a baya.

A ƙofar zauren an kafa allo babba da ke cewa ba a shiga da leda, don leda na kashe halittun teku. A gindin allon Baba ya sa aka sauke kulolin. Ya buɗe, ya fara ƙulla mai ratsi bibbiyu a baƙar leda yana miƙa wa duk wanda ya zo wucewa.

"Kyauta ce, kyauta ce. Uban mai fim ne. Ku gani a majigi, ku ci a gida."

Ɗalibai suka karɓa ba musu. Baƙi masu jakar yadi suka ja da baya suna murmushin dole. Darakta ta fito da sauri, Baba ya zaɓo mata mafi girma. Ita ba ta cin nama, ba ta cin kifi, na taɓa jin ta ce ko ƙwai da ƙyar. Ta riƙe ledar da yatsu biyu nesa da rigarta.

"Ki soya shi yau," Baba ya ce mata. "In ya narke ya sake daskarewa ya lalace."

Daga ƙarshe aka tura kulolin ƙarƙashin teburin da aka jera ƙasidun kare teku, aka ja mayafin tebur aka rufe su.

Nawa ne fim na ƙarshe a ranar. Wannan ya ba ni lokacin zama a bayan Baba da Ciyaman ina kallon ƙeyarsu.

Aka fara da fim ɗin wani ƙaton kifi da ya fi motar ɗaukar kaya tsawo. Ya taso daga ruwa a hankali, ga kiɗa mai sanyi, zauren ya yi tsit.

"Wannan wace firiza ce za ta ɗauke shi?" wani ya tambaya daga layin gaba.

"Sai dai a yanka shi a can."

"Namansa zai yi tauri. Dubi fatar."

Wata baƙuwa ta yi musu alamar su yi shiru. Ciyaman ya juya ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta gajiya.

Na biyu a kan kunkurun teku ne da ya haɗiyi leda, likitoci suna zaro ta daga maƙogwaronsa. Nan layin gaba ya yi shiru da kansa. Na ga Ciyaman ya sa ƙafa ya tura tasa ledar kifin can ƙarƙashin kujera. Da aka saki kunkurun ya koma ruwa, suka yi masa addu'ar sauka lafiya.

Na uku wata halitta ce mai hannuwa takwas da ke canza launi tana shigewa rami. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi ba zai kalli aljani da rana tsaka ba, ya fita ya tsaya a baranda.

Sai nawa. Sunana ya fito a kan majigi, Baba ya juya ya kalli zauren gaba ɗaya, layi bayan layi, don kowa ya san inda sunan ya samo asali.

Fim ɗin ya buɗe da garken mai ratsi a cikin ruwa, dubbai, suna juyawa tare kamar mayafi guda, haske yana walƙiya a jikinsu. Na yi wata da watanni kafin in samu wannan hoton. Layin gaba suka zuba ido. Mutanen nan sun yi rayuwarsu suna taɓa wannan kifi, ba su taɓa ganin ya motsa ba.

"Ashe haka yake tafiya," Baba ya ce a hankali, ba da kowa yake ba.

Sai jirgi ya shigo, ya saki taru, ya kewaye garken duka. Wannan wajen na sa masa kiɗan baƙin ciki. Da aka ɗaga tarun yana tsiyayar ruwa, cike maƙil, layin gaba ya ɓarke da tafi.

"Kai! Wannan shi ne kamu!"

"Allah ya ƙara albarka!"

Ɗaliban suka kalli juna. Na nutse a kujerata.

Daga nan fim ɗin ya yi ta gangarowa inda na sani. Masunta masu ƙananan jirage suna dawowa da kwando ba komai. Kifin da ake kamawa bana a jere da na shekarun baya, na banan kamar ƙanensa. Tafi ya mutu. Sai ɗakin sanyi, sai babbar mota, sai shago. Ga firizarmu mai lotsattsen murfi. Ga kalandar da ke bango. Muryata ta faɗi abin da ta faɗa, a fili, ta cikin manyan lasifikoki. Ban taɓa jin muryata da tsabta haka ba.

Aka kunna fitilu. Bayan zaure ya tafa. Layin gaba bai motsa ba. Ƙeyar Baba ba ta ce min komai ba.

Darakta ta kira ni kan dandamali don amsa tambayoyi. Wani ɗalibi ya yi tambaya mai tsawo wadda ta ƙare ba tare da ta zama tambaya ba. Na ce na gode. Sai Ciyaman ya miƙe, ya gyara riga, ya karɓi abin magana ya hura shi don ya ji ko yana aiki.

"'Yata, sannu da ƙoƙari. Karatu ya yi amfani." Ya yi murmushi. "Mu ba mu yi nisa a boko ba, sai ki taimaka mana. Na ji muryar ta ce masu shago ne suke ƙarar da kifin teku. To, ni shago ɗaya na gani a majigin nan. Kuma kamar na san firizar. Kamar kullum ina ganinta daga ƙofata."

Wasu daga 'yan ƙungiya suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wasu suka sunkuyar da kai. Ciyaman ya zauna a hankali, kamar wanda ya gama cin abinci mai daɗi.

Baba ya miƙe. Bai jira a miƙa masa abin magana ba, bai taɓa buƙatarsa ba.

"Dakta."

"Na'am, Baba."

"Shagona ne?"

"Shagonka ne."

"Waɗanda kika ce da su ake ƙarar da kifin nan. Har da ni?"

Ina da amsoshi da yawa. An koya mana su. Akwai wadda ke cewa matsala ce ta tsari, akwai wadda ke cewa laifin na kowa ne. Kowacce tana da tsawo, kuma Baba ba ya jiran doguwar amsa ko daga mai kawo masa kaya.

"Har da kai, Baba."

Darakta ta riƙe katin wuyanta da hannu biyu. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, na ga ya matsa rabin jikinsa waje.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ya fuskanci 'yan ƙungiyarsa, ya buɗe hannuwa.

"To, kun ji da kunnenku. Ba ni na faɗa ba, masana ne. An auna, an bincika, an ɗauka a kyamara. Teku guda, mai faɗin nan da kuka gani, ta fara jin jikinta saboda cinikin shagona." Ya kalli Ciyaman. "Kai da kake cewa ba na ciniki sai ranar albashi."

Wani ya ce, "Allahu akbar."

Murmushin Ciyaman ya tafi. Ya miƙe tsaye, wannan karon ba a hankali ba.

"Dakata, malam. Wane cinikin? Kai da mota ɗaya take sauke maka a mako? In dai mai ratsi ne, abin da nake fitarwa kafin azahar ba ka fitar da shi a wuni."

"To me ya sa ba a sa shagonka ba?"

"Saboda 'yarka ce ta riƙe kyamarar! Wannan ai son kai ne!" Ya juyo kaina yana nuna ni da abin magana. "'Yata, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya. In ana maganar waɗanda suka ƙarar da kifin teku a garin nan, za a tsallake ni?"

"Ba za a tsallake ka ba, Kawu," na ce. Gaskiya ce.

"Yawwa! A rubuta."

Sai layin gaba ya rikice. Wani gajere daga ƙarshen layi ya ce shi ne ya fara kawo ƙananan garin nan, lokacin sauran suna raina su, kowa shaida ne. Wani ya ce ƙarya ne, ubansa ne ya fara. Wata mata da ke da shago a bakin tasha ta ce ita ke ba duk gidajen abincin unguwarsu, in an tashi lissafin ɓarna a fara da ita. Dattijon da ya gudu wa aljani ya dawo daga baranda yana tambayar me ake rabawa, aka gaya masa, ya ce shi ma a sa shi.

Darakta ta matso kusa da ni, idonta ya cika da ƙwalla.

"Na je taruka a ƙasashe da yawa," ta ce. "Ban taɓa ganin masu ruwa da tsaki suna rige-rigen amsa laifinsu ba."

Ban gyara mata ba. Ta tara su a gaban majigi don ɗaukar hoto. Sai da aka yi rigima kan wanda zai tsaya a tsakiya. Ciyaman ya samu, bayan ya sa na yi alkawari a gaban jama'a cewa in zan yi wani fim ɗin, daga shagonsa zan fara, kuma in zo da safe lokacin da ake sauke kaya.

Yaya ya bi motar 'yan ƙungiya, ya ce akwai wuri. Na san babu. Ni na shiga motar shago tare da Baba, kuloli fanko suna ƙara a baya.

Muka bar cibiyar, muka shiga cunkoson masu tashi daga aiki. Baba bai kunna rediyo ba. Fuskar da ya nuna a zaure ya bar ta can. Muka wuce gidan mai, muka wuce asibiti, muka tsaya a danja.

"Na rufa miki asiri yau," ya ce.

"Ni ko kai, Baba?"

"Kada ki yi min boko. Kin ɗauka ban ji abin da muryar ta ce ba? Na ji. Ciyaman ma ya ji, shi dai ba ya iya barin a fi shi ko a laifi ne."

Na juya ina kallon titi. Ya ci gaba.

"Kina da baki. Gida ɗaya muke kwana. Sai da kika tara min gari da baƙi da lasifika."

"Na so in gaya maka. Ka ce kada in ɓata maka kallo."

"Ai kin ɓata."

Danja ta ba da hannu. Mai motar bayanmu ya danna ham, Baba ya leƙa ta taga ya tambaye shi ko gidansu ne ke ci da wuta, sannan ya ja a hankali.

"Waɗannan ƙananan," ya ce can. "Da kika ce ba su isa yin ƙwai ba. Ta ina ake gane su? Ni dai na san suna da saurin fita."

"Da tsawo. Akwai iyakar da in bai kai ba, bai taɓa haihuwa ba."

"Gobe mota za ta sauke kaya da sassafe. Ki zo shago ki nuna min."

Na juya na kalle shi.

"Ban ce zan daina ba," ya ce, idonsa a kan titi. "Cewa na yi ki nuna min. Kuma ki bar kyamarar a gida."